Musa Baƙi: Ɗan Fashin Da Ya Sami Gida A Hamada

A cikin bayin Allah na farko a Afirka akwai wani da ake kira Musa Baƙi, ko Musa Bahabashe. A zamanin nan duk baƙar fatar da ya fito daga kudancin Masar Bahabashe ake ce masa. An haife shi wajen shekara ta 330. Bawa ne a gidan wani ma'aikacin hukuma a Masar, amma maigidan ya kore shi saboda sata da mugun hali. Daga nan ya zama shugaban 'yan fashi a bakin kogin Nilu. Ƙato ne mai ƙarfin gaske. Bishop Falladiyus, wanda ya rubuta labarinsa wajen shekara ta 420, ya faɗi yadda ya haye Nilu da iyo, takobi a bakinsa, don ya rama wa wani makiyayi, da bai same shi ba sai ya yanka raguna huɗu mafi kyau a garken.

Wannan mutum ne ya tuba, ya shiga cikin masu zaman zuhudu a hamadar Sketis, tsakanin Alkahira da Iskandariya. Yau sunan wurin Wadi Natrun, wato Kwarin Kanwa, gama tafkunan wurin kanwa suke fitarwa. Ƙasa ce ta rairayi da gishiri, ba inuwa, ruwa kuma da nisa.

Kada mu ɗauka cewa ya warke dare ɗaya. Tsohuwar sha'awa ta bi shi har ɗakinsa. Ya rage abinci sai busasshiyar gurasa, ya yi shekara shida yana kwana a tsaye yana addu'a, duk da haka bai sami salama ba. Sai ya soma wani aiki a ɓoye. Da dare yakan zaga ɗakunan tsofaffi, ya kwashe tulunansu, ya cika su a rijiya, ya mayar kafin su farka, alhali wasunsu mil biyu ko biyar ne tsakaninsu da ruwa. Hannun da ya saba shiga gidajen mutane da dare don ɗauka, yanzu kawowa yake yi. A bakin rijiyar nan ya faɗi wata rana, ya yi shekara guda yana jinya. Dattijo Isidor ya yi masa addu'a, ya gargaɗe shi ya daina dogara ga ƙarfin kansa. Bayan haka ne zuciyarsa ta kwanta. A ganina, nan ne ainihin tubansa ya cika.

Da aka kira shi zaman hukunta wani ɗan'uwa da ya yi laifi, ya zo da kwando mai huji cike da rairayi a bayansa, yana zuba. Ya nuna musu cewa haka zunubansa suke zuba a bayansa bai gani ba, ga shi kuwa an kira shi ya hukunta wani. Suka gafarta wa ɗan'uwan.

An naɗa shi firist, almajiransa suka kai 70. Wajen shekara ta 405, yana da shekara 75, labari ya zo cewa mahara suna tafe. Ya bar masu son gudu su gudu, ya hana kowa ɗaukar makami. Shi kam ya ƙi barin wurin, gama ya tuna cewa shi ma ya taɓa rayuwa da takobi. Aka kashe shi tare da 'yan'uwa kaɗan da suka zauna tare da shi. Ƙasusuwansa suna gidan zuhudu na Baramus, a cikin wannan kwari, inda Kiristocin Kibɗawa suke ziyarta har yau.