Kinji Fukasaku: Daraktan da ya tone asirin 'yan dabar Japan

An haifi Kinji Fukasaku ranar 3 ga Yuli, 1930 a garin Mito na ƙasar Japan. Yana ɗan shekara 15, dab da ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, aka tura 'yan ajinsu aiki a wata masana'antar makamai. A watan Yulin 1945 aka yi wa wurin luguden wuta, kuma shi da sauran waɗanda suka tsira aka sa su kwashe gawarwaki. Tun daga nan ya daina yarda da manyan da ke tura yara mutuwa.

Ya shiga kamfanin fim na Toei a 1953, ya fara ba da umarni a 1961. A wancan lokaci finafinan yakuza, wato ƙungiyoyin 'yan dabar Japan, suna nuna ɗan daba a matsayin jarumi mai riƙon amana. Fukasaku ya bi wata hanya dabam.

A fim ɗinsa Bakuto Gaijin Butai na 1971, Koji Tsuruta ya fito a matsayin shugaban daba da girma ya fara kamawa. Ya fito daga kurkuku bayan shekara goma, ya tarar wata babbar ƙungiya ta ƙwace yankinsa a Yokohama, sai ya tattara ragowar yaransa zuwa Okinawa, inda ajali ke jiransu.

A 1973 ya saki Jingi Naki Tatakai, kan rikicin 'yan daba a yankin Hiroshima, wanda aka samo daga rubutun da tsohon ɗan daba Kozo Mino ya yi a gidan yari. Idan aka kashe wani, sai hoton ya tsaya cak, a rubuta sunansa da ranar mutuwarsa. Matasa suna ta faɗuwa, ubangidansu matsoraci kuwa yana nan da ransa da dukiyarsa.

Yana ɗan shekara 70 ya fitar da Battle Royale a 2000, labarin ɗalibai da hukuma ta tilasta wa kashe juna. Ciwon daji ya ci ƙarfinsa, amma ya fara ɗaukar kashi na biyu. Fitowa ɗaya kawai ya ɗauka kafin ya mutu ranar 12 ga Janairu, 2003 yana da shekara 72. Ɗansa Kenta ne ya ƙarasa fim ɗin.