Alexis Carrel, Likitan da Ya Koyi Ɗinka Jijiyoyin Jini

Idan aka ɗauki marar lafiya daga Tozai ko Illela zuwa Kano domin dashen ƙoda, aikin da asibitin Malam Aminu Kano ya soma a 2002, da dabarar wani Bafaranshe ne ake haɗa jijiyoyinsa.

An haifi Alexis Carrel a 1873 kusa da birnin Liyon, ya yi karatu a hannun limaman ƙungiyar Yesu, amma da ya shiga likitanci bangaskiyarsa ta yi sanyi. A 1894 aka soki shugaban Faransa, Sadi Carnot, da wuƙa a Liyon. Babbar jijiyar hanta ta yanke, likitoci suka kasa ɗinke ta, ya rasu. Carrel ya je wurin masu aikin surfani ya koyi sarrafa siririyar allura. Dabararsa ita ce a kama bakin jijiya da zare a wuri uku, a ja, sa'an nan a ɗinke gefe bayan gefe ba tare da hanyar jini ta toshe ba. A Amurka ya gwada ta a kan karnuka: ƙodar da aka mayar wa mai ita takan yi aiki, ta wani karen kuwa jiki yakan ƙi ta. Ya sami kyautar Nobel a 1912. Sai a 1954 aka ci nasarar dashen ƙoda tsakanin tagwaye a Boston.

A 1902 ya raka marasa lafiya zuwa Lourdes, inda ya ga kumburin cikin Marie Bailly, wadda ake jiran mutuwarta, ya sauka cikin sa'o'i kaɗan. Bai musanta abin da ya gani ba, wannan kuwa ya jawo masa baƙin jini wurin manyan likitocin Liyon. Mu lura, Ikilisiya ba ta ƙidaya warkarwar nan cikin al'ajiban da ta tabbatar ba.

Ba za mu ɓoye laifinsa ba. A littafinsa na 1935 ya goyi bayan hana raunana haihuwa da kashe wasu masu laifi da iskar guba, koyarwar da ta saɓa wa darajar ɗan Adam. Ya kuma yi wa gwamnatin Vichy aiki. Ya komo ga Ikilisiya, ya karɓi sakramenti na ƙarshe, ya rasu a Paris ran 5 ga Nuwamba, 1944. A 1996 jami'ar Liyon ta cire sunansa daga makarantarta ta likitanci.