Dakta Mariya Montessori: Likitar Da Ta Tsaya Ta Kalli Yaro

Da yawanmu mun sha ganin sunan Montessori a allunan makarantun kuɗi idan mun shiga Kano, amma ba kowa ya san cewa sunan wata mace ne ba. To yau ga tarihinta, domin akwai abin ɗauka a cikinsa ga uwargida, ko a Karaye take ko a Rogo.

An haifi Mariya Montessori ran 31 ga Agusta, 1870, a garin Chiaravalle na ƙasar Italiya. A 1896 ta kammala karatun likita a Jami'ar Rum, ta shiga sahun matan farko da suka zama likitoci a ƙasar. Aiki ya kai ta gidajen da ake tsare yara masu raunin ƙwaƙwalwa. A can mai kula da su ta yi mata ƙorafi cewa da sun gama cin abinci sai su bi ƙasa suna tsintar ɓarɓashin burodi, wai haɗama ce. Ita kuwa ta duba ɗakin ta gan shi wayam, ba abin da yaro zai taɓa. Nan ta gane hannuwansu ne ke neman abin yi.

Ran 6 ga Janairu, 1907, ta buɗe Gidan Yara na farko a San Lorenzo, wata unguwar talakawa a birnin Rum. Yara ne wajen 50, ƙanana, waɗanda iyayensu ke fita aikin ƙwadago su bar su ba mai kula. Ta sa aka yi musu kujeru da tebura daidai tsawonsu, ta koya musu wanke hannu, shara da ɗaura maɓalli. Wata rana malamarsu ta manta ba ta kulle kabad ɗin kayan aiki ba. Ko da ta iso sai ta tarar kowane yaro ya ɗauki abin da yake so. Malamar ta ɗauka laifi ne, amma Mariya ta ga yaran sun iya zaɓa wa kansu. Daga nan aka mayar da kayan ƙasa-ƙasa inda hannunsu zai kai. Ta kuma ga wata 'yar shekara 3 ta maimaita aiki ɗaya fiye da sau 40, ana hayaniya kewaye da ita ko ɗagowa ba ta yi ba.

A 1909 ta wallafa littafinta na farko kan wannan hanya, makarantunta suka bazu a duniya. Da ta saɓa da gwamnatin Mussolini sai ta bar Italiya a 1934. Ta je Indiya a 1939, yaƙin duniya ya tsare ta can har 1946, tana horar da malamai. Ta mutu a ƙasar Holan ran 6 ga Mayu, 1952, tana da shekara 81.

'Yar uwa, wannan ba ya buƙatar kayan wasa masu tsada. Idan kina tsintar wake yarinyarki ta miƙo hannu, kada ki kore ta, zuba mata nata a ƙaramin faifai. Rage masa tsintsiya daidai hannunsa. Rataye kayansa a ƙusar da zai iya kaiwa, ki aje masa ƙaramar buta da moɗa. Nuna masa sau ɗaya a hankali, sannan ki ja baya. In ya zubar, ba shi tsumma ya goge maimakon tsawa. In ya nutsu yana ɓare gyaɗa ko yana tuwon ƙasa, jinkirta aiken kaɗan.

Wannan ba sakaci ba ne. Ita ma Mariya ta sa iyaka: ba a cutar da wani, ba a lalata kaya, kuma abin da aka ɗauka a mayar da shi wurinsa. Wuƙa, wuta da bakin rijiya kuwa sai da idonki. Yaron da kullum ake hana shi taɓawa, shi ne gobe za a ce ba ya iya komai, alhali icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah Ya shirya mana zuri'a, amin.