TAƘAITACCEN TARIHIN AMIR ABDULƘADIR AL-JAZA'IRI, SARKIN YAƘI KUMA MURIDI

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa mahalarta wannan maukibi, ga tarihin wani ɗan ɗariƙarmu wanda ya riƙe tasbaha da takobi, bai bar ɗaya don ɗaya ba.

An haifi Amir Abdulƙadir a 1808 a ƙauyen Ƙaiɗana, kusa da garin Mu'askar a yammacin Aljeriya. Mahaifinsa, Shehu Muhyiddin, shi ne shugaban zawiyar Ƙadiriyya ta wurin. A nan ya haddace Alƙur'ani, ya karanta fiƙihu, ya koyi hawan doki. Yana matashi ya bi mahaifinsa aikin hajji, suka biya ta Dimashƙa da Bagadaza, inda suka ziyarci kabarin Sidi Abdulƙadir Jilani, Allah ya yarda da shi.

A 1830 Faransawa suka ci birnin Aljaza'ir. Kabilun yamma suka nemi Shehu Muhyiddin ya jagorance su, ya ba da uzurin tsufa, ya gabatar da ɗansa. Aka yi wa Abdulƙadir mubaya'a a 1832, yana ɗan shekara 24.

Ya lura mayaƙan sa-kai sukan watse idan lokacin girbi ya zo, don haka ya kafa tsayayyar runduna mai albashi da muƙamai. Ya gina masana'antun makamai, ya buga kuɗi, ya naɗa alƙalai, ya raba ƙasa tsakanin halifofinsa. A 1835 ya karya rundunar Janar Tirezel a yaƙin Maƙta. A 1836 Janar Bujo ya rinjaye shi a Sikkak, daga nan ya bar gaba-da-gaba a fili, ya koma kai farmaki da dawaki yana janyewa. A 1837, shekarar da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rasu a Wurno, Faransa ta sa hannu a yarjejeniyar Tafna, ta amince da ikonsa a kan mafi yawan ƙasar.

Yaƙi ya sake tashi a 1839. Faransawa suka shiga ƙona amfanin gona da kwashe dabbobi don yunwa ta raba shi da jama'a. Duk da haka bai huce a kan fursunoni ba. Ya hana kashe su, ya sa lada ga wanda ya kawo kamamme da rai, mata kuwa ya danƙa su ga mahaifiyarsa. A 1843 aka ci zangonsa na tantuna, aka watsa littattafan da ya daɗe yana tarawa. Da Sarkin Maroko ya juya masa baya, ya ga ci gaba da yaƙi halaka raunana ne kawai, sai ya ajiye makami a ƙarshen 1847, bisa alkawarin za a kai shi Iskandariyya ko Akka. Aka saɓa alkawari, aka tsare shi a Faransa har 1852.

A 1855 ya sauka Dimashƙa, ya duƙufa kan karantarwa da zikiri, kuma daga darussansa aka tattara littafinsa Al-Mawaƙif. A 1860 fitina ta ɓarke, gungun mutane suka far wa unguwar Kiristoci. Ya fito da mutanensa, ya buɗe gidansa, ya tsaya tsakanin masu neman mafaka da masu neman jininsu. Dubban rayuka suka tsira ta hannunsa, har da 'yan ƙasar da ta yaƙe shi shekara 15. Hujjarsa ita ce shari'a ta wajabta kare maƙwabci da wanda ke cikin amana.

Ya rasu a 1883, aka binne shi kusa da Shehu Muhyiddin Ibnu Arabi. A 1966 aka mayar da gawarsa Aljeriya.

Ya ɗan'uwa muridi, wuridin da ya ƙarfafe shi a fagen fama shi ne ya riƙe hannunsa daga zalunci lokacin da yake da iko. Idan fitina ta tashi a unguwarka, ka tuna inda wannan bawan Allah ya tsaya.

Allah ya jiƙansa, ya amfane mu da albarkar magabata, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.