Maquinna: Sarkin da Ya Tsaya Tsakanin Birtaniya da Sifaniya

A ƙarshen ƙarni na 18, jiragen Turawan da suka sauka a yankin Nootka, a gaɓar yammacin tsibirin Vancouver, a Kanada ta yau, sukan nemi yardar Maquinna. Shi ne sarkin Mowachaht, ɗaya daga cikin al'ummomin da ke magana da harshen Nuu-chah-nulth, kuma fadarsa tana ƙauyen Yuquot.

Kyaftin James Cook ya iso yankin a 1778, kuma daga gare shi sunan Nootka ya bazu, sunan da Turawa suka laƙaba wa mutanen da harshensu. Bayansa 'yan kasuwa suka yi ta tururuwa don sayen fatar wata dabbar teku mai laushin gashi, wadda ke tsada ƙwarai a ƙasar Sin. Maquinna ya zama babban dillali: yana karɓo fatu daga maƙwabta, yana sayar wa baƙi, yana samun ƙarfe, tagulla da bindigogi.

Arzikin ya zo da fitina. Ɗan Birtaniya John Meares ya yi iƙirarin ya sayi fili a hannunsa a 1788. A 1789 kwamandan Sifaniya Esteban Martínez ya kafa sansani a Yuquot, ya kama jiragen Birtaniya, har ƙasashen biyu suka kusa gwabza yaƙi. A wannan shekarar Sifaniyawa suka harbe Callicum, ɗan'uwan Maquinna, abin da ya sa sarkin ya ƙaurace wa garinsa.

Da ya dawo, sai ya bi da su da dabara. A 1792 ya karɓi baƙuncin wakilan ƙasashen biyu, George Vancouver da Bodega y Quadra, a garinsa na Tahsis. A shekarar ce masani José Mariano Moziño ya tattara kalmomin harshen a rubuce.

Sifaniyawa sun tattara komatsansu a 1795, mutanen Maquinna suka sake gina gidajensu a Yuquot. Wasu masana tarihi na ganin a wajajen wannan shekarar ya rasu.

Har yau sarakunan Mowachaht na gādon sunansa. A ƙarshen shekarun 1970 al'ummomin suka ajiye sunan Nootka, suka zaɓi Nuu-chah-nulth, wato mutanen da ke zaune a jerin duwatsu da bakin teku. Harshen kuwa yanzu tsirarun dattawa ne suka iya shi sosai, shi ya sa ake koyar da shi ga yara.