Sarkin Kano Yaji Ɗan Tsamiya, Wanda Ya Zaɓi Salla Ya Bar Tsafi

A wannan fitowa za mu waiwayi rayuwar Sarkin Kano Ali ɗan Tsamiya, wanda aka fi sani da Yaji. Shi ne sarki na 11 daga Bagauda, ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385. Littafin Tarihin Kano ya nuna an laƙaba masa Yaji ne saboda zafin zuciyarsa tun yana yaro.

Kafin zamaninsa, mutanen Kano suna bauta wa wani abu da ake kira Tsumburbura. Wurin tsafin wata itaciya ce da aka kewaye da katanga, kuma tun zamanin Barbushe, mazaunin dutsen Dala, ake kai mata baƙaƙen dabbobi ana yankawa don neman biyan bukata. Mahaifin Yaji, wato Sarki Tsamiya, shi ya rushe katangar nan da ƙarfin yaƙi. To amma rushe katanga daban, cire abu daga zuciya daban. Mutane suka ci gaba da abin da suka gada.

A zamanin Yaji ne, in ji littafin, Wangarawa suka iso daga ƙasar Mali, su wajen 40, shugabansu Abdurrahman Zaite. Mutane ne da aka san su da fatauci da malanta. Ba su zo da runduna ba, baƙi ne kamar yadda muke baƙi a nan Jalingo. Suka kira Sarki ya tsai da salla, ya amsa. Ya naɗa Gurdamus limaminsa, Lawal ladan, Auta mai yanka, Zaite kuwa ya zama alƙali. Sannan ya ba da umarni kowane gari na ƙasar Kano a riƙa salla, aka gina masallaci a gindin itaciyar nan da ake tsafi da ita.

Kada mu ɗauka abin ya zo da sauƙi. Sarkin Garazawa ya ƙi salla ƙememe. Da masallata sun watse, sai ya zo da mutanensa su ɓata masallacin da ƙazanta. Aka sa Ɗan Buji gadi da 'yan makami tun magariba har asuba, amma masu tsafi suka yaudari wasu daga cikin 'yan gadin suka bi su. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai Musulmi suka taru wata ranar Talata suka kwana a masallaci suna roƙon Allah har rana ta fito. Littafin ya ce a ranar shugaban masu tsafin ya makance. Bayan haka Yaji ya tafi da Wangarawa yaƙin Santolo, cibiyar masu tsafi da ta gagari na gabansa, Allah Ya ba shi nasara. A ƙarshen mulkinsa har ƙasar Kwararrafa ya kai yaƙi, daular da ake danganta Jukunawan wannan jiha tamu ta Taraba da ita.

Ga inda darasin yake. Ɗansa Kananeji, wanda ya yi sarauta daga 1390 zuwa 1410, ya sha kashi a hannun Zazzau. Da ya matsu, sai ya nemi shawarar Sarkin Tsibiri, aka ce masa ya mai da abin bautar da ubansa da kakansa suka rushe, ya kuwa yi. An ce ya ci yaƙin daga baya, amma har yau in an ambace shi sai an tuna da komawar nan da ya yi. Uba da ɗa, gida ɗaya, gari ɗaya. Da wuya ta zo, ɗaya ya nufi masallaci, ɗayan ya nufi gindin itaciya.

Jama'a, yau ba mai kai akuya Dala, amma mu dubi kanmu. Ciniki ya ɗan tsaya, sai ka ga mutum ya yi sammako gidan boka. A ba shi abin binnewa a ƙofar shago, ko a ce ya yanka baƙin zakara a mararraba, wai don kasuwa ta buɗe ko ta maƙwabci ta mutu. Mai salla ne fa, a sahun gaba ma. Tun muna Islamiyya aka karantar da mu cewa yanka don wanin Allah shirka ne, kuma arziki na hannun Allah Shi kaɗai. Wanda ya sayar da tauhidinsa saboda ribar buhu goma, wace riba ya ci?

Maganar nan tamu ce, ba ta maƙwabtanmu ba. Muna zaune da Mumuye da Kona da sauran ƙabilu, kowa da abin da yake bi, kuma haƙƙin maƙwabtaka yana wuyanmu. Wangarawa su 40 sun juya Kano ne da salla da ilimi. Mu ma abin da za mu nuna shi ne cika mudu, riƙon amana, da barin boka ko da kasuwa ta yi ɗaci. Mu kuma koya wa 'ya'yanmu wannan, don kada a wayi gari mun haifi Kananeji.

Allah Ya jiƙan Sarki Yaji da malamansa, Ya tsare mana imaninmu, amin. Wassalam.