Aldo Leopold

Aldo Leopold (11 ga Janairu, 1887 – 21 ga Afrilu, 1948) ma'aikacin gandun daji ne ɗan ƙasar Amurka, malamin jami'a kuma marubuci. Yana cikin mutanen farko da suka ɗauki farfaɗo da ƙasar da ta lalace a matsayin aikin kimiyya, wato rafin da yashi ya cike, fadamar da aka janye wa ruwa, da gonar da ta gaji. An fi saninsa da littafinsa A Sand County Almanac, wanda ya fito a 1949 bayan mutuwarsa.

Rayuwar farko da karatu

An haife shi a garin Burlington na jihar Iowa, a bakin kogin Misisipi. Iyayensa, Carl Leopold da Clara Starker, 'yan asalin Jamus ne, kuma mahaifin yana da masana'antar ƙera teburan ofis. Tun yana yaro yake bin mahaifinsa farautar agwagin ruwa a fadamun kogin, yana rubuta sunayen tsuntsayen da ya gani. Ya yi karatu a makarantar Lawrenceville, sannan ya wuce Jami'ar Yale inda ya sami digiri na biyu a fannin gandun daji a 1909.

Aiki a kudu maso yammacin Amurka

A shekarar da ya gama karatu Hukumar Gandun Daji ta Amurka ta ɗauke shi aiki, ta tura shi dajin Apache a Arizona. A 1911 aka mayar da shi dajin Carson a New Mexico. Ya auri Estella Bergere a 1912, suka haifi 'ya'ya biyar. A 1913 ciwon ƙoda ya kusa kashe shi, ya yi fiye da shekara ɗaya yana jinya.

A farkon aikinsa ya goyi bayan kashe kyarketai don barewa ta yawaita, ra'ayin da ya janye daga baya. Amma abin da ya fi tsaya masa a rai a wannan yanki mai ƙarancin ruwan sama shi ne zaizayar ƙasa. Ya ga kwaruruka irin na kogin Blue a Arizona, inda ambaliya ta kwashe mafi yawan gonakin bakin ruwa bayan garkunan shanu da tumaki sun cinye ciyawar tuddai. Hukumarsa a lokacin gobara take ɗauka babbar abokiyar gaba. Shi kuwa a wata maƙala ta 1924 ya nuna cewa kiwon da ya wuce kima ya fi gobara ɓata ƙasa, domin ciyawa ce ke riƙe ƙasa tana tsayar da ruwa har ya nutse. Idan ta ƙare, ruwan sama ya kan gangaro gaba ɗaya, ya haƙa kwazazzabo, ya zuba yashi a rafi. A wannan shekara kuma, bisa shawararsa, aka keɓe dajin Gila ba tare da hanyoyin mota ba, karo na farko da hukumar ta yi irin haka.

Kwarin Coon

A 1924 ya koma birnin Madison na jihar Wisconsin. A 1933 ya buga littafin Game Management, kuma Jami'ar Wisconsin ta naɗa shi farfesan kula da namun daji, kujerar farko irinta a ƙasar.

A shekarar ce gwamnatin tarayya, ta hannun sabuwar hukumar yaƙi da zaizayar ƙasa da Hugh Hammond Bennett yake shugabanta, ta zaɓi rafin Coon a kudu maso yammacin Wisconsin don gwaji. Shi ne aiki na farko a Amurka da ya haɗa rafi da duk ƙasar da ruwanta ke gangarowa cikinsa, kimanin eka 92,000. Leopold yana cikin masu ba da shawara. Yankin mai tuddai ne masu tsananin gangare. Manoma sun yi shekaru da dama suna huɗa daga saman tudu zuwa ƙasa, suna sakin shanun madara cikin kurmin da ke kan gangaren. Kofato ya daddanne ƙasa, ruwa ya daina nutsewa, laka ta binne gonakin kwari da hanyoyi, maɓuɓɓugai suka ja baya.

Maganin da aka bi ba a cikin rafin ya fara ba. An soma daga tudu: aka shinge gangare mai tsanani don hana kiwo, aka dasa itatuwa, aka riƙa yin kunya a gicciye da gangaren, ana jera layin masara kusa da layin ciyawar dabbobi don ɗaya ya tare ƙasar da ta kuɓuce wa ɗayan. Matasan rundunar aikin kiyaye muhalli da gwamnatin Roosevelt ta kafa ne suka toshe kwazazzabai suka dasa itatuwa a bakin ruwa. Ba a tilasta wa kowa ba. Manoma fiye da 400, kusan rabin na kwarin, suka sa hannu kan yarjejeniyar shekara biyar. Leopold ya rubuta bayanin aikin a 1935, kuma abin da ya fi yabawa shi ne yadda masanin ƙasa, injiniya, ma'aikacin daji da masanin tsuntsaye suka zauna suka yi wa gona ɗaya tsari ɗaya. Sakamakon ya ɗauki shekaru da yawa kafin ya bayyana sosai. Zaizaya ta ragu ƙwarai, ruwan rafukan ya ƙara sanyi da tsabta, har kifin tirawut, wanda ba ya jure ruwa mai ɗumi da laka, ya sake hayayyafa a cikinsu. Duk da haka, dimbin lakar da ta riga ta sauko tana nan jibge a kwarin.

Fadamu da gauraka

A farkon ƙarni na 20 an haƙa manyan lambatu a tsakiyar Wisconsin don a janye ruwan fadamu a yi noma. Noman bai yi albarka ba. Ƙasan fadamun ruɓaɓɓiyar ciyawa ce da ta taru shekaru dubbai, wadda idan ta bushe take cin wuta tana hayaƙi wata da watanni. Manoma suka shiga bashi, wasu suka tashi. A maƙalarsa ta 1937, Marshland Elegy, Leopold ya bi wannan tarihi ta kan wani jinsin gauraka mai launin toka da ke sheƙa a fadamun, wanda ya ragu ƙwarai a jihar. Ya goyi bayan toshe lambatun don ruwa ya dawo, amma ya yi gargaɗin cewa hanyoyin da ake shimfiɗawa da sunan gyara su ma suna korar tsuntsun. Ya yi tsoron jinsin zai ƙare a can. A nan tsoronsa bai tabbata ba: bayan hana farautarsa da maido da fadamu, dubban gauraki suna sauka a bakin kogin Wisconsin kowace kaka.

Gonar bakin kogi da kundin lura

A 1934 ya yi jawabi a bikin buɗe lambun bincike na jami'arsa, inda aka yi niyyar sake shuka irin tsirran da yankin ke da su kafin zuwan Turawa. A 1935 ya sayi wata gona mai rairayi da aka yi watsi da ita a bakin kogin Wisconsin, kusa da Baraboo. Ginin da ya rage a cikinta akurkin kaji ne, shi iyalin suka gyara suke kwana. Kowace shekara suna dasa dubban itatuwa. Fari ya kashe mafi yawan dashen farko, suka sake.

A wannan gona da kewayen Madison ya yi aikin da masu bibiyar yanayin muhalli suka fi amfana da shi. Ya kan rubuta ranar da ƙanƙarar kogi ta narke, ranar da kowane tsuntsu mai ƙaura ya iso, da ranar da kowane tsiro ya fara fure. Sunan wannan fanni fenoloji, daga kalmar Girkanci mai ma'anar bayyana. A 1947 shi da ɗalibarsa Sara Elizabeth Jones suka buga bayanan 1935 zuwa 1945, masu ɗauke da abubuwa 328 da ke dawowa kowace shekara. Rubutun shekara ɗaya ba ya nuna komai. Amfaninsa sai an jera shekaru. 'Yarsa Nina ta koma yankin a 1976 ta ci gaba da rubutawa. A 1999 ita da abokan aikinta suka kwatanta kundinta da na mahaifinta, suka gano cewa cikin abubuwa 55 da suka duba, 19 suna zuwa da wuri fiye da dā, daidai da ƙaruwar ɗumin yanayi. Sauyin yanayi ba shi ne dalilin da Leopold ya fara rubutun ba.

Mutuwa

A ranar 21 ga Afrilu, 1948, gobara ta tashi a ciyawar gonar maƙwabcinsa. Ya je taya kashewa, zuciyarsa ta buga, ya mutu yana da shekara 61. Mako guda kafin nan ne maɗaba'ar Jami'ar Oxford ta karɓi littafinsa, bayan wasu maɗaba'u sun ƙi shi. A cikinsa ya yi bayanin cewa haƙƙin da mutum yake ba maƙwabcinsa ya kamata ya haɗa da ƙasa, ruwa, tsirrai da dabbobi. An binne shi a Burlington.

Ɗansa Luna, wanda ya shirya littafin don bugawa, ya zama babban masanin ruwa na hukumar binciken ƙasa ta Amurka, kuma bincikensa kan yadda kogi ke lanƙwasa da ɗaukar yashi yana cikin abin da masu gyaran rafuka ke karantawa. 'Ya'yan biyar sun kafa Gidauniyar Aldo Leopold a 1982, ita ce ke kula da gonar da akurkin har yanzu.